Wata Biyar Babu Fashin Salla

Ranar da aka ce za a kawo lefen Hasana, tun da hantsi mahaifiyarta Inna Mairo ta ɗora tukunya. An soya kaji shida, an yi cincin da dubulan cike da roba, an aro kujeru daga maƙwabta an jera a tsakar gida. Kwana huɗu ke nan da ƙaramar salla, lallen hannun mata bai ma gama gogewa ba. Duk layin nan na Gyadi-Gyadi an san yau akwatuna za su taho daga Tarauni, gidan su Lawan, wanda zai aure ta.

Sai bayan azahar aka ji sallama. Mata suka gyara zama, wata har ta fara guɗa, sai ta haɗiye abarta.

Gwaggo Saratu ce ita kaɗai, hannu rabbana, ko leda babu.

Gwaggo Saratu ƙanwar mahaifin Lawan ce, layi biyu ne tsakanin gidanta da na su Hasana. Kuma ɗaliba ce a ajin matan aure da Hasana take koyarwa a Islamiyyar unguwa. Shekararta uku a aji ɗaya, izu ɗaya ya gagare ta, amma idan batun lura da mutane ne, babu wanda ya kama ƙafarta.

Ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata.

"Hajiya Uwani, uwar ango, ita ce ta aiko ni. Ta ce a ɗan dakata da maganar lefe tukuna."

Inna Mairo ta dafe ƙirji. "A dakata? Lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Babu wanda ya mutu. Sai dai a tambayi Malama."

Hasana tana ɗaki, gyale a kanta, tana jin kome ta bayan labule.

"Ni dai, Mairo, kin san ni, ba na gulma," in ji Gwaggo. Duk wanda ya buɗe zance da wannan kalma, a gyara kunne. "Kaf ajinmu mun san kwanakin da Malama take ajiye Littafin Allah ta koma biya mana hadisi da ka. Da can ma har kwana uku take yi ba ta leƙo makaranta ba. To yau wata biyar ban ga ta ajiye ba. Azumi talatin cif ta yi, ko ɗaya ba ta sha ba, tare muke zuwa asham. Ga ƙiba, ga ƙuraje a fuska, ga murya ta canza. Kuma da idona na gan ta a layin ɓangaren mata a asibiti, ba sau ɗaya ba. Budurwa, wata biyar babu fashin salla? Mu ma fa mun haifa, Mairo."

Tsakar gida ta ɗauki salati. Masu cin cincin suka tsaya da tauna.

"Saratu, ki ji tsoron Allah! Yarinyar nan ba ta da lafiya ne!"

"To wane ciwo ne? Faɗi mu ji, in koma in gaya wa Hajiya."

Inna Mairo ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, sai hawaye. Wannan shirun nata shi ya fi kome yi wa Hasana illa, don kafin a kira la'asar magana ta zaga unguwa har ta dawo da ƙari.

Abin da Inna ta kasa faɗa ba wani abin kunya ba ne, ita ce ta mai da shi haka.

Tun Hasana tana shekara goma sha huɗu, duk wata sai ta leƙa lahira ta dawo. Idan al'adarta ta zo, mara ce za ta murɗe, ta yi ta amai, ta ciji filo don kada Baba ya ji ihunta daga soro. Sau biyu tana suma a banɗaki. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sha saiwoyi masu ɗaci iri-iri. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ta yi haƙuri, aure ne maganinsa. Shekara goma tana wannan haƙurin.

Sai bara wata ma'aikaciyar jinya cikin ɗalibanta ta ja ta asibitin koyarwa. Bayan hoto da gwaje-gwaje, wata likita mai fara'a ta zaunar da ita, ta zana mata a takarda. Irin naman da yake shimfiɗe cikin mahaifa ne ya tsiro a waje, inda bai kamata ba, duk wata yana zubar da jini a inda jinin ba shi da hanyar fita.

"Akwai ƙwaya da zan ɗora ki a kai, wata shida," in ji likitar. "Dangin sinadarin maza ce, wanda muke kira testosteron. Kada ki tsorata, kowace mace tana da shi kaɗan a jikinta, har ni. Zai danne na mata na ɗan lokaci, al'ada ta tsaya, wurin ya huta. Za ki iya yin ƙiba, ƙuraje su fito. Amma in kika ji muryarki ta fara sauyawa, ki zo mini a guje."

Da Hasana ta kawo wa Inna wannan bayani, Inna ta rufe ƙofa ta kama hannunta. "Maganin maza? Ki rufa mana asiri, kada kowa ya ji, ko Babanki. Yanzu a ce na haifi mata-maza. Ki bari a ɗaura aure tukuna."

Wata biyar ɗin nan, Hasana ba ta taɓa jin daɗin jikinta irinsu ba. Ta san yadda ake kwana a tashi babu fargabar ƙarshen wata. Ta yi azumi talatin a karo na farko a rayuwarta, ranar salla har kuka ta yi don murna. Ita ba ta san akwai mai ƙirga mata ba.

Muryar ce kawai ta yi mata ba-zata. Hasana ta yi suna da ƙira'a, babu walimar da za a yi daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku ba a neme ta ba. A tsakiyar azumi ta ji maƙogwaronta ya yi kauri, ta ɗauka mura ce saboda sanyi, ta yi ta shan citta da kanumfari. Da ta koma asibiti likitar ta yi mata faɗa sosai, ta tsayar da maganin nan take. Ta kuma gaya mata gaskiya: mai yiwuwa muryar ta dawo, mai yiwuwa ta zauna haka.

Bayan la'asar aka ce ana sallama da Hasana a soro. Ta san ƙarar babur ɗin Lawan tun daga kan kwana.

Lawan yana tsaye, ko rigar aiki bai cire ba. A ɗakin gwajin jini na asibitin yake aiki, shekara biyu ke nan yana zuwa soron nan, bai taɓa zuwa da ido ja irin na yau ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai amsa ba, sai cewa ya yi, "Kin ci abinci?"

Wannan tambayar ce ta karya ta. Kukan da ta riƙe tun azahar ya ƙwace.

"Yaya Lawan, wallahi tallahi ban taɓa—"

"Kada ki rantse mini, Hasana. Ni za ki rantse wa?"

"Akwai abin da na ɓoye maka. Ba don na raina ka ba, kunya ce da tsoro. Na sha wani magani…"

"Na sani."

Ta ɗago da sauri.

"Tun wata na biyu na sani," ya ce yana kallon ƙasa. "Maganin nan ai sai ana duba hanta. Takardar gwajinki ta biyo ta hannuna, sunanki a sama, sunan maganin a ƙasa. Na je na karanta a kansa har na haddace."

"Ka sani, ka yi shiru? Kullum kana zuwa nan muna hira, ka yi shiru?"

"Ba a soro na gani ba, a wurin aiki na gani. Amana ce. Na ce zan jira ranar da za ki gaya mini da bakinki."

Sai yanzu ta gane dalilin da ya sa tun watanni yake kawo mata lemo da kankana maimakon tsiren da ya saba. Ta yi ta tsokanarsa wai rowa ta kama shi tun kafin aure, shi kuma sai dai ya yi dariya.

"Jiya Hajiya ta titsiye ni," ya ci gaba. "Na rantse mata babu kome a jikinki, ba ni ba, ba wani ba. Ta ce to mene ne? Na ce ba ni da ikon faɗa. Ta ce ashe akwai abin ɓoyewa ke nan. Hasana, shekara talatin ban taɓa ganin Hajiya ta juya mini baya ba sai jiya." Ya ɗago ya dube ta. "Ki ba ni izini in gaya mata. Kalma ɗaya kawai nake jira."

Hasana ta goge fuskarta da bakin gyale. Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin da ya yarda uwarsa ta yi fushi da shi, bai tona abin da ba nasa ba, ai ba wanda za a bari ya ɗauki kaya shi kaɗai ba ne.

"A'a," ta ce. "In kai ka faɗa, za ta ce so ne ya rufe maka ido. Ciwona ne, ni zan je."

"Ke? Gidanmu? Kafin a ɗaura aure? Hasana, ba a yi."

"Ƙazafin da aka yi mini fa, ana yi?"

Da zai tafi ya juyo daga bakin ƙofa. "Muryar nan da kike ɓoye mini kina magana ƙasa-ƙasa, ki daina. Ni ba rediyo na zo nema ba."

Ta yi dariya cikin kuka, har da majina.

Bayan magariba mahaifinta Malam Inuwa ya kira ta. Tsohon direban motar asibiti ne, mutum mai sanyi, amma idan ya kafe ko jirgin ƙasa ba ya ja da shi. Yau a masallaci ya ga mutane suna sauke murya da ya shigo.

"Kansila Ɗanladi ya aiko," ya ce ba tare da ya dube ta ba.

Kansila Ɗanladi, tun da sojoji suka koma bariki aka yi zaɓe ya haye kujera, ya yi mota, ya yi tumbi, ya fara ganin duk abin da ya yi masa kyau kamar rabonsa ne. A walimar saukar ɗalibai ya ji muryar Hasana ta lasifika, tun daga ranar yake aiken neman aurenta ana ba shi haƙuri.

"Gobe bayan la'asar zai zo da mutanensa. Ya ce ko da abin da ake faɗa gaskiya ne, shi zai rufa mana asiri."

"Baba, babu asirin da ya tonu balle a rufa."

"Na sani. Ni na raine ki, ba sai an gaya mini ba. Kuma ba zan yi miki dole ba, ban yi wa yayyenki ba." Ya gyara zaman hularsa. "Amma ki ji da kyau. Mutanen da suka saurari irin wannan magana a kan 'yata, suka bar mini kaji a tukunya da jama'a a tsakar gida, in har gobe la'asar ba su zo sun wanke bakinsu ba, na janye. Ko sun zo daga baya suna rarrafe, ba ni ba su. Lawan yaron kirki ne, amma ba shi kaɗai za ki aura ba."

Hasana ta sunkuyar da kai. Ta san ko Inna ba ta isa ta tanƙwara shi ba.

Da gari ya waye ta haɗa katin asibiti, da takardun gwaji, da kwalayen maganin da ta tara a ƙarƙashin katifa, ta zuba a jaka. Inna ta tare ƙofa.

"Ina za ki? Hasana, ki rufa mini asiri! Yarinya ta je gaban surukarta ta yi zancen mara? Ki ce mata kin sha maganin maza?"

"Inna, rufawar ce ta kawo mu nan. Ki yafe mini, ki sa mini albarka."

Inna ta tsaya tana kallon wannan 'ya tata da ta sha riƙewa tana birgima a tabarma. Ta matsa daga bakin ƙofa. "Allah Ya tsare," ta ce, ta juya da sauri don kada a ga idonta.

Bas ta sauke ta a Tarauni wajen ƙarfe goma. Ba ta taɓa shiga gidan ba, kwatance kawai ta sani: baƙar ƙofa, bishiyar darbejiya a gaba. Sai da ta yi sallama sau uku kafin aka amsa.

Hajiya Uwani tana zaune a falo kan darduma, carbi a hannu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya tal. A kusurwar ɗaki ga akwatuna a jere an lulluɓe su da zanin gado. Hasana ta gan su, ta kau da kai.

Ta durƙusa nesa, ta gaida ta. Hajiya ta amsa a daƙile.

"Yaron nan ne ya turo ki?" Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"A'a, Hajiya. Hana ni ma ya yi. Na san zuwana rashin kunya ne, ki gafarce ni. Amma gara a ce ba ni da kunya da a ce ba ni da mutunci."

Ta buɗe jaka ta jera kayan a gaban darduma ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan takardar gwajin ciki ce, kafin a ɗora ni a kan magani. Wannan ta kwana goma kafin salla ce. In ba su gamsar da ke ba, Hajiya, ki zaɓi asibitin da kike so a garin nan, ki kai ni yanzu a gwada ni a gabanki."

Hajiya ba ta taɓa takarda ko ɗaya ba. "Maganin mene ne?"

Hasana ta faɗa mata. Ba ta rage kome ba. Ta faɗi shekara goman, da filon da ta cije har ya yage, da suman banɗaki, da hayaƙin da ya kusa makanta ta. Ta faɗi zanen likita. Sannan ta zo kan maganin kansa.

"Dangin sinadarin maza ne. Shi ya tsayar da al'adar, shi ya sa ƙiba da ƙurajen nan, shi ya taɓa mini murya. Bai mai da ni namiji ba, Hajiya. Hutu ya ba ni. A cikin wata biyar ɗin nan ne na san ashe haka sauran mata suke rayuwa."

Tun tana tsakiyar magana carbin Hajiya ya tsaya.

"Ciwon," in ji Hajiya a hankali, "yana sauka har cinya? Ƙafar hagu ta riƙe?"

Hasana ta ɗago. "Ƙwarai kuwa."

"In za ki zaga, ki ji kamar ana jan hanjinki da ƙugiya?"

"Haka ne, Hajiya. Ya aka yi kika—"

"Ni nake tambaya." Hajiya ta kau da fuska wajen taga. Sannan ta juyo ta kafe ta da ido. "Haihuwa fa? Me likitar ta ce?"

Nan ne zuciyar Hasana ta fara yi mata raɗa. Babu wannan a cikin takardun. Lawan ma bai sani ba, Inna kaɗai ce. In ta ce lafiya lau, wa zai ƙaryata ta? Ga akwatuna nan taku huɗu daga inda take. Ga kuma matar da ba ta da kowa a duniya sai ɗa ɗaya, tana jiran ta ga jikoki a tsakar gidan nan.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ta ce mai yiwuwa in samu da wuri. Mai yiwuwa a daɗe. Mai yiwuwa kuma…" ta ja numfashi, "mai yiwuwa ban samu ba sam. Muryar ma ta ce ba lalle ta dawo ba. Ina son ɗanki, Hajiya, Allah Ya sani. Amma ba zan shigo gidanki da ƙarya ba."

Fuskar Hajiya ba ta nuna kome ba. Ta ci gaba da jan carbinta.

"Kwashe kayanki ki tafi gida. Rana tana yi."

Hasana ta kwashe. A cikin bas ta rufe fuska da gyale ta yi kuka tun daga Tarauni har Gyadi-Gyadi, kwandasta ma bai iya yi mata magana ba. Da ta shiga gida Inna ta dubi idonta, ba ta tambaye ta kome ba.

Ana idar da la'asar motar Kansila ta tsaya a ƙofar gida, sabuwa fil, leda ma ba a cire daga kujeru ba. Ya fito da babbar riga tana ƙamshi, dattawa uku a bayansa, da huhun goro. Aka shimfiɗa musu tabarma a soro. Ɗakin Hasana bango ɗaya ne da soron, tana jin dariyarsa har cikin ƙashinta.

Matan layi, da ba a gayyace su ba, suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, wai sun zo duba jikin Inna.

Hasana tana zaune bakin gado, hannu a cinya. Ta ji Baba ya yi gyaran murya. Ta san me zai biyo baya: zai janye maganar Lawan.

Sai ga ƙarar tasi. Ba ɗaya ba, biyu. Aka ji ana buɗe but ɗin motocin, ana cewa a yi a hankali.

Wadda ta fara shigowa Gwaggo Saratu ce, babban akwati a ka, gumi yana bin wuyanta, ido a ƙasa. Bayanta mata huɗu, kowacce da nata. A ƙarshe sai ga abin da ba a taɓa gani ba a layin: uwar ango da kanta ta biyo lefe.

Hajiya Uwani ta ratsa soro ta gaida maza a tsaye, ta shigo tsakar gida. Ba ta zauna ba.

"Mairo, na zo ba ki haƙuri a gaban waɗanda aka kunyata ki a gabansu. Ina Malama?"

Aka fito da Hasana. Hajiya ta kama hannunta ta riƙe.

"Ku ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ciwon da yarinyar nan take da shi, ni ma na yi shi. A zamaninmu babu mai zana maka a takarda, cewa aka yi aljani ne ya aure ni. Shekara tara ina gidan miji ana nuna ni da baki kafin Allah Ya ba ni yaron nan, daga shi kuma ban ƙara ba." Ta dubi Gwaggo Saratu. "Wasu masu nunin suna nan da ransu."

Gwaggo ta sauke akwati ta rasa inda za ta sa kanta.

"Ita ta samu magani ta sha, sai mu ce ta yi laifi? Yau na yi mata tambayar da ta isa ta yi mini ƙarya in yarda. Ta ƙi. Ta gwammace ta rasa auren da ta yaudare ni." Muryar Hajiya ta karye a karo na farko. "Na kore ta ne don kada in yi kuka a gabanta. Haihuwa ta Allah ce, in ta zo muna so. Amma irin wannan yarinyar ba zan sake ta ba. Saratu, ke ce kika iya ƙirga. Bakin da ya kai maganar shi zai dawo da ita."

"Malama, ki yafe mini," in ji Gwaggo, murya can ƙasa.

"Ba mu ji ba."

"Na ce ki yafe mini! Ƙarya na yi mata, jama'a, zato ne kawai!"

"Na yafe, Gwaggo," in ji Hasana. "Amma ranar Asabar za ki kawo mini haddarki."

Dariya ta ɓarke, Inna Mairo tana yi tana kuka. Wata ta rangaɗa guɗar da ta haɗiye jiya.

Hajiya ta ɗaga hannu aka yi shiru. "Kafin a buɗe akwati, Malama, ja mana ayoyi mu sami albarka."

Hasana ta dubi Hajiya. Tun tsakiyar azumi ba ta ƙara ɗaga murya a gaban mutane ba. "Hajiya, muryar…"

"Da wadda Allah Ya bar miki za ki yi."

Ta rufe ido ta fara. Muryar ta fito da kauri, ƙasa-ƙasa, ba wadda aka sani a walima ba. A aya ta farko ta ɗan sarƙe. A ta biyu ta zauna daram, ta cika tsakar gida, ta ratsa bango. Hirar soro ta tsaya cak.

Da ta kai aya ta dakata don ta ja numfashi, sai ta ji Kansila yana tambaya daga soro.

"Malam, wane ne wannan yake karatu a cikin gida? Baƙo kuka yi?"

Malam Inuwa ya yi gyaran murya.

"'Yata ce, Hasana," ya ce. "Wadda na riga na ba Lawan."